Rijiyar Yakubu Kafinta

Tun da damina ta kama, kwatar da ke ƙofar gidana a Samaru ta toshe, kuma ba ta da niyyar buɗewa. Ledar ruwa ce, robar lemo, ƙunzugun jarirai, har da wani takalmi wari ɗaya da ya kwana biyu yana yawo a kai. Da hadari ya zubo sai ruwan ya haura ya shigo mini zaure. Ni kaɗai ne a gidan yanzu. Uwar 'ya'yana ta riga mu gidan gaskiya, yaran kuma kowa ya bi inda abincinsa yake, sai dai a gaisa ta waya. Da safe nakan ɗauki tsohon shebur in ɗan taɓa abin da zan iya, in baya ya ce ya isa, in koma kan benci ina kallon ƙazanta kamar wanda aka ba gadinta. Ɗaliban jami'a da ke haya a layinmu su zo su tsallake, su taru wurin mai shayi suna zagin gwamnati, rabi Hausa rabi Turanci. Ran nan na ji ɗayansu, wani mai gemun akuya da nake jin ko ubansa na girma nesa ba kusa ba, yana cewa, "Ai kakata ta ce zamanin duba-gari ne aka yi gwamnati. Da lokacin ne, wa ya isa ya zuba shara a kwata?" Sauran suka ce wallahi kuwa. Ba su san tsohon da ke zaune gefensu duba-gari ne ba, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa cikin kaki. Ba su kuma san cewa kakannin nan nasu masu yabonmu yau su ne masu tsine mana jiya ba. Ni kuwa in aka ambaci gwamnatin kirki da ta banza, ba gidan mulki nake tunawa ba, ba kuma wani shugaba ba. Rijiya ɗaya nake tunawa, da abokina Yakubu kafinta, wanda na rasa a bakinta.

Sabon Garin da na fara aiki a cikinsa ba wannan ba ne da hayaƙin acaba ya rufe. Kafin gari ya waye sosai za ka ji kiran salla, ka ji usur ɗin jirgin ƙasa daga tasha, can kuma ƙararrawar coci ta amsa. Bayan su sai tsintsiya. Kai, tsintsiya! Layi guda za ka ji shara na tashi lokaci ɗaya, shar, shar, shar, kowace mace ta sunkuya a ƙofar gidanta, Bayarabiya da 'yar Inyamurai da Bakatafiya da Bahausa, kowa na yi wa maƙwabciyarta ina kwana da Hausar da ta iya. A wannan lokacin nake fitowa kan kekena: gajeren wando na kaki da ya sha sitaci, doguwar safa, hular kwano, tocila a aljihu, alli a ɗaya aljihun, sai ludayi mai dogon hannu a ɗaure jikin keke. Da na karyo kwana za ka ji an kwarara ihu, "Duba-gari! Ga duba-gari nan!" Matan Yarabawa su ce, "Wole-wole!" Sai gudu, sai ƙarar murfin tukwane, sai ruwan da ake sheƙarwa a bayan ɗaki. Aikina shi ne in shiga kowane gida, in leƙa makewayi, in duba kwata, in sa ludayi a randa in ɗebo ruwa in haska. In na ga 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil a ciki, to, an shiga uku: a zubar da ruwan, a kife randa, in an saba kamawa a rubuta sammaci. Gidan da na samu tsaf kuwa in yi masa alama da alli a jikin bango, kuma matar gidan ba ta yarda ko yaro ya goge wannan alamar.

Wanda ya koya mini aikin wani dattijo ne, Malam Tanko, babban duba-garinmu, siriri kamar kara, ba ya dariya sai an yi da gaske. Ran da na fara bin sa ya tsaya a ƙofar wani gida ya ce mini, "Yaro, doka ɗaya zan ba ka, sauran suna cikin littafi. Kada ka sha ruwan gidan da kake dubawa. Randar da ta kashe maka ƙishirwa, ludayinka ba zai ga komai a cikinta ba." Na ɗauka wasa yake. Ashe da gaske ne. A ƙasar da ko maƙiyinka ya shigo sai ka miƙa masa moɗa, mu sai a miƙo mu ce mun gode, mun ƙoshi, ga rana tana dukan ƙeya. Mata su ce girman kai ne, wasu su ce ƙyamarsu muke yi. Ba a gayyatarmu suna, in mun je biki a tsuke baki har mu tashi. Amma na ga abin da wannan ƙishirwar ta saya. Da idona na ga Malam Tanko ya kife randar matar wani babban ma'aikaci, mijin yana tsaye da jarida a hannu, bai iya cewa komai ba sai "Yi aikinka, Malam." Mai tallan ƙosai da ke leƙe ta katanga ta ga haka, washegari da muka kife tata ba ta yi mana Allah ya isa ba. Abin da nake kira gwamnatin kirki ke nan, ba wani abu mai tsawo ba: ludayin da ya shiga randar talaka shi ne ya shiga ta babba.

Kada kuma a ce na ce zamaninmu na mala'iku ne. Ina! A cikinmu akwai masu komawa gida da kaza a ɗaure bayan keke, akwai wanda in ya ga mace ta yi masa kallon banza sai ya ga sauro ko a cikin man gyaɗa. Na san tsohuwar da aka fasa wa tulun da ta zo da shi tun daga garinsu, don kawai wani ya nuna isa. Tsoro ne ya share rabin layukan nan, ba son tsabta ba. Amma dai famfo yana kawo ruwa, ana kwashe juji, asibiti akwai magani, kuma in ka kai ƙara akwai mai saurare. Mutum zai iya jure a tsawata masa in ya ga mai tsawar ma yana sauke nasa nauyin. Mahukuntan yau kuwa ba sa tsawa, ba sa kwashe juji, ba sa zuwa ma sam. Ranar zaɓe kaɗai suke sanin hanyar layinmu, su ma sai sun naɗe ƙafar wando kafin su tsallake kwatata.

Gida ɗaya ne a duk Sabon Gari nake shan ruwansa, shi ne na Yakubu, don a lokacin Unguwar Gabas, inda gidan yake, ba ta cikin rabona. Yakubu mutumin kudancin Kaduna ne, ubansa ya zo aikin layin dogo tare da nawa, muka tashi a bariki ɗaya. Shi Kirista, ni Musulmi, amma ba mu taɓa zama mun yi wannan lissafin ba. Da salla shi ke riƙe mini ƙafar rago, da Kirsimeti ni ke yanka masa akuya don in samu in ci. Gajere ne kakkaura, kullum da fensir a bayan kunne da garin katako a gashin kai, ga tsokana kamar ya yi me. Ba ya kirana da sunana, sai "Likitan sauro". In na shigo ya ɗaga murya ya ce wa matarsa, "Maman Ladi, ɓoye randa, ga hukuma!" Ita kuma Saratu, don sunanta ke nan, ta fito tana dariya da kwanon kunu ta ce, "Hukuma ma tana jin yunwa, Malam zauna." Kunun zaƙi take yi na sayarwa, har daga tasha ake aiko yara da jarka. Duk yammacin duniya, in na cire kaki, can nake zuwa. Mu zauna ƙofar shagonsa mu yi ta musu a kan mulki, shi ya ce duk gwamnati ɓarauniya ce, ni in ce ƙarya yake, ga ni nan ban saci ko allura ba. Ya ce, "Kai ai ba gwamnati ba ne, kai wutsiyarta ce." A wurin nan kaɗai nake zama mutum kamar kowa.

Sannu a hankali famfo ya fara wasa. Yau ya zo, gobe ya yi tari ya ɗauke, har aka wayi gari yara suna rataya a jikinsa suna lilo. Ruwa yana nan a madatsa, mu dai ba ya iso mu, rijiya ta bayar guga ya hana. Sana'ar Saratu kuwa ruwa ce, tun daga jiƙa gero har wanke jarkoki. Sai Yakubu ya ce zai haƙa rijiya a tsakar gidansa. Ya zo ya same ni ya ce, "Likita, yau ga ranarka. Zo ka nuna mini inda doka ta yarda, kada gobe ka zo ka kife mini ita kamar randa." Dokar kuwa a bayyane take: tsakanin rijiya da ramin shadda sai an sami ƙafa ɗari. Na zo da igiyar awo ranar Asabar, na auna daga shaddar gidansa, na auna daga ta maƙwabta dama da hagu. Wuri ɗaya ne ya cika, can kusurwar baya, jikin katanga, don bayan katangar fili ne fetal, sai ciyawa da awaki. Ni na kafa turke da hannuna na ce, "Nan." Sati uku ana haƙa, ni da shi muna karɓar bokitin ƙasa in mun tashi aiki. Ran da aka cim ma ruwa Saratu ta rangaɗa guɗa, Yakubu ya yi wa rijiyar murfin katako mai ƙyaure, ya shafa masa shuɗin fenti. Ruwa garau, mai sanyi. Layin gaba ɗaya a nan suke ɗiba, tun asuba za ka ji guga na faɗawa, ba a taɓa hana kowa ba.

Shekara biyu ko uku ana haka, abubuwa biyu suka faru kusan tare. Malam Tanko ya yi ritaya aka kawo mana sabon shugaba, ni kuma aka mai da ni Unguwar Gabas. Ran da na gaya wa Yakubu cewa daga yau ba zan ƙara shan ruwan gidansa ba, dariya ya yi har da riƙe ciki, ya ce wa Saratu ta riƙa auna mini kunu a ƙofar gida, tun da titi na gwamnati ne. A wannan tsakanin ne wani ɗan kwangila, mai faɗa a ji a jam'iyyar da ke mulki, ya sayi filin bayan katanga ya tayar da bene na saukar baƙi. Ba zan faɗi sunansa ba, ya mutu, Allah ya ji da shi. Da aka zo haƙa ramin shaddar benen, ba a ga wurin da ya dace ba sai jikin katangar Yakubu. Na je na auna: ko ƙafa goma sha biyar babu tsakaninsa da rijiya. Na ce a tsaya. Magina suka dube ni suka dubi juna, ɗaya ya ce, "Oga, je ka gaya wa mai shi." Na rubuta takardar gargaɗi, aka karɓa aka sa a aljihu, aiki ya ci gaba. Damina ɗaya ta wuce, ruwan rijiya ya fara canza ɗanɗano. Sai gudawa ta shiga layin. Yara uku aka kwantar, har da Ladi, 'yar farin Yakubu.

Na zauna na rubuta rahoto da kyakkyawan rubutu, yadda Malam Tanko ya koya mini. Na ce rijiya ta riga zuwa, an haƙa ta bisa doka, ni ne shaida. Rami ne ya zo daga baya ya karya doka, don haka a kwashe shi a cike, a haƙa wani a ɗaya gefen benen inda akwai fili, a yashe rijiya a sa mata magani. Na kai, ina tafiya ina jin kaina, don a sanina gaskiya in ta fito fili ba ta da abokin gardama. Bayan kwana huɗu sabon shugaban ya kira ni ofis. Bai ce in zauna ba. Ya turo mini wata takarda ya ce, "Gobe da safe za ka je ka cike rijiyar nan. An ba ka tifa da leburori da ɗan sanda."

Na ce, "Ranka ya daɗe, rijiya kuma? Ai ramin ne ya same ta."

Ya ce, "Ramin ake sha ko rijiyar?"

Na ce, "Rijiyar."

Ya ce, "To, wanne ke kwantar da yara? Dokarka ta ce kada su haɗu a ƙasa da ƙafa ɗari. Ta ce maka wanda zai tashi?" Ya cire tabarau ya dube ni. "Na ji an ce mai gidan abokinka ne. In abota ce ta rubuta rahoton nan, gaya mini, in san abin da zan rubuta a kanka. Akwai masu jiran kakin nan da yawa."

Wallahi na so in cire hular in dangwara masa a tebur. Har yau nakan ga kaina ina yin haka, in ina zaune ni kaɗai. Amma matata tana da tsohon ciki, tsohuwata tana ɗakina ba ta gani, ba ni da gona, ba ni da wata sana'a sai leƙa randar mutane. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na kuma sami abin da na lallashi zuciyata da shi: ruwan dai ya ɓaci da gaske, ko an cike ramin yau sai an daɗe kafin ya shawu, in aka bar shi wani yaron zai iya mutuwa. Duk gaskiya ne. Abin da ya fi ci mini rai ke nan game da mulkin banza. Ba sabuwar doka yake kawowa ba. Wadda ka sani ce, wadda ka yi rantsuwa a kanta, ita zai miƙo maka ya ce ka soki naka da ita. Na ɗauki takardar na fito.

Da yammacin ranar ya kamata in je in gaya wa Yakubu. Na cire kaki, na hau keke, na kai har bakin layinsu. Na hango shi a ƙofar shago yana goge wata kujera, yana waƙar cocinsu ƙasa-ƙasa. Ƙafata ta ƙi sauka daga feda. Da wane baki zan ce masa wurin da na kafa turke da hannuna, gobe ni zan zo in binne? Na juya na koma gida, na ce wa matata kaina ke ciwo.

Da safe muka iso, tifa a gaba cike da jar ƙasa, mu a baya. Ba wanda ya yi ihun duba-gari ran nan. Mata suna bakin rijiya da bokitai, don wanki da wanka har lokacin a nan ake ɗiba, suka ja gefe. Yakubu ya fito da fensir a kunne, ya fara murmushi zai yi tsokanar da ya saba, sai ya ga ɗan sanda. Ni kuwa na rasa inda zan sa idona, sai na sa shi a takarda. Na buɗe na karanta da muryar aiki, tun daga sama har ƙasa: "Ana sanar da mai wannan gida cewa…" Mai wannan gida! Mutumin da muka ci tuwo a akushi ɗaya tun ba mu san wando ba. Ya saurara har na gama. Bai yi zagi ba, bai yi roƙo ba. Ya ce, "To. A bari in cire murfin, katakon mai kyau ne." Ya shiga shago ya ɗauko guduma, ya ɓalle ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, ya jingine murfin a bango, ya naɗe igiyar guga ya miƙa wa matarsa. Leburori suka fara turo baro. Na farko da aka juye, ruwa ya amsa daga ƙasa da ƙarfi, fanjam! Na biyu ma haka. Can sai ƙarar ta koma ta laka, daga nan sai ƙasa a kan ƙasa, ba a jin komai. Saratu tana tsaye da igiya a hannu. Magana ɗaya ta yi, ba da ƙarfi ba: "Malam, ai kai ka auna." Na yi kamar ban ji ba. Da aka gama na sa hannu a takarda na hau kekena, ta tagar benen kuwa wani baƙo yana goge baki da burushi yana kallonmu.

Ban koma ba. Ran farko na ce bari zuciya ta huce. Sati ya wuce na ce yanzu kuma in na je me zan ce na tsaya yi? Wata ya wuce, abin ya yi nauyin da ba na iya ɗauka. In aiki ya kai ni layin sai in tura wani. Na ji labari Ladi ta warke. Na ji kunun Saratu ya mutu, don ruwan 'yan garuwa ba ya fitar da sana'a. Daga baya na ji sun sayar da gidan, kuma wa ya saya in ba mai benen ba, sun koma wajen Basawa inda Yakubu ke yi wa matan sojoji kujeru da gadaje. Ni ma na nemi a mai da ni Samaru. Tsakanin Samaru da Basawa wace tafiya ce? Ɗan acaba ko zama bai gyara ba ya kai ka. Amma na yi shekara arba'in ban taka ba. Sau biyu na hango shi a kasuwar Sabon Gari, sau biyu ina shigewa rumfar da ba ni da abin saye a cikinta. Na tabbatar wa kaina ya tsane ni, kuma yana da gaskiya. Ban sake yin aboki irinsa ba. A gaskiya ban sake yin aboki ba, sai abokan aiki da abokan sahu a masallaci.

Watan jiya, ina dawowa daga karɓar magani, na ga takarda manne a jikin falwaya, irin wadda Kiristoci ke bugawa in an yi musu rasuwa. Na wuce har na yi taku uku, sai na dawo. Tsoho ne a hoton, da furfura fat, cikin babbar riga. Amma kunnuwan nan da wannan murmushin na mai shirin tsokana, ko a cikin dubu zan gane su, na Yakubu ne. An riga an yi jana'iza kwana biyu da suka wuce. Na daɗe tsaye a wurin har wani mai baro ya ce, "Baba, a ba mu hanya."

Washegari na sa wankakkiyar riga na je. Ban sha wahalar samun gidan ba, rumfa tana nan a ƙofa da kujerun roba, matan zumuntar coci suna waƙa a tsakar gida. Wata mata mai jiki, da furfura a goshi, ta tare ni ta ce, "Baba, daga ina?" Ladi ce, ba ta san ni ba. Na ce tsohon abokin babanta ne, daga Sabon Gari. Ta kai ni wani ɗaki inda uwarta ke zaune a kan tabarma, ta ƙanƙance, idanun sun yi fari. Na durƙusa na yi sallama, na ce, "Maman Ladi, ya haƙuri? Allah ya ba da haƙuri."

Ta karkato kunne. Sai ta ce, "Malam? Kai ne?"

Na ce, "Ni ne."

Ta ce, "Ikon Allah. Sai yau?"

Duk maganar da na shekara arba'in ina shiryawa ta tsere. Na ce, "Na zo neman gafara ne, ga shi wanda zan nema wurinsa ya tafi. Na san ya mutu yana fushi da ni a kan rijiyar nan."

Ta ce, "Rijiya? Haba Malam. Ni ce na yi fushi, ni kam na yi, na zage ka har na gaji. Shi bai yi ba. Ai mun sani ruwan ya lalace, mun kuma san wanda ya aiko ka. Ran nan da kuka tafi, da la'asar ya ce in ƙara tuwo. Na ce na wa? Ya ce naka. Na ce mutumin da ya binne mana abinci? Ya ce mini, 'Wanda ya zo da safe gwamnati ce. Shi da yamma zai zo.' Ya fito da benci ƙofar shago ya zauna yana duban bakin layi har aka kira magariba. Gobe ma haka. Ya fi wata yana yi."

Na ce, "Me ya hana shi aiko mini?"

Ta ce, "Na ce mishi ya je ya same ka, ko don ya zage ka ya huta. Ya ce a'a. Ya ce kunya kake ji, in ya je zai ƙara maka ne. A bar ka, in ta sake ka za ka zo da ƙafarka. Ko da muka tashi daga Sabon Gari sai da ya bi maƙwabta gida-gida yana kwatanta musu inda muka koma, wai ko za ka zo tambaya." Ta lalubo hannun rigata ta riƙe. "Ashe ba ta sake ka ba ke nan, Malam, duk shekarun nan?"

Na buɗe baki in ba ta amsa, sai ga wasu masu gaisuwa sun yi sallama a bakin ƙofa. Ta saki rigata, na matsa na ba su wuri.